Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙungiyarmu: Kun Ce Mu Yi Haƙuri, To Har Zuwa Yaushe?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe shugaban ƙungiya, da 'yan kwamitin gudanarwa, da daraktan wasanni. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya.

Sanarwarku ta iso mu. Kun ce bana kakar sake gini ce. Kun sallami manyan 'yan wasan da muka saba da su, kun ɗauko sabon koci, kun cika benci da yaran da wasunsu ko gashin baki bai fito musu ba, sannan kuka rufe jawabi da roƙon magoya baya su yi haƙuri. Ban rubuto don in ce ba za mu yi ba. Za mu yi. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana bin ƙungiya ɗaya, a doke ta ranar Asabar ya kwana da ɓacin rai, wata Asabar ɗin kuma ya riga kowa shiga fili, ba shi za a koya wa haƙuri ba. Abin da ya dame ni shi ne, na karanta sanarwar daga farko har ƙarshe ban ga inda kuka faɗi abin da muke jira ba, ban ga lokacin da za mu fara ganinsa ba, ban kuma ga wanda zai tsaya ya amsa tambaya ba in lokacin ya yi ba a ga komai a ƙasa ba.

Haƙurin nan da kuke nema bashi ne kuke ci a hannunmu. Mai cin bashi kuwa, in mutumin kirki ne, yakan faɗi abin da zai yi da shi da ranar biya, ko da daga baya zai dawo ya roƙi a ɗaga masa ƙafa. Wanda ya ce "ba ni kawai, in hali ya yi za ka ji ni", kowa ya san inda zancen zai ƙare.

Kada ku ga laifinmu in mun ɗan yi muku kallon zargi, mun ga yadda ta kaya a wasu wurare. Alex Ferguson ya yi ritaya daga Manchester United a 2013 da kofin Firimiya a hannunsa. Aka ba David Moyes kwantiragin shekara 6, wato an shirya doguwar tafiya ke nan, amma wata 10 kacal ya yi aka sallame shi. Louis van Gaal ya zo da nasa salon da nasa 'yan wasan. José Mourinho ya zo yana son wasu daban. Ole Gunnar Solskjaer ya zo, Erik ten Hag ya zo, kowanne ranar gabatar da shi sai ka ji an ce yanzu ne aka fara aikin gaske. A kakar 2024/25 ƙungiyar ta ƙare a mataki na 15. Ba haƙurin magoya baya ne ya yi ƙaranci ba, kuɗi ma bai yi ba, domin an kashe sama da fam biliyan ɗaya wajen sayen 'yan wasa a waɗannan shekarun. Abin da aka rasa shi ne tsari daga sama wanda zai zauna ko da koci ya tafi. Sai a 2021 ƙungiyar ta naɗa daraktan ƙwallo na farko, shekara 8 bayan tafiyar mutumin da yake riƙe da komai a kansa.

Na san labarin da za ku kawo mana, domin duk shugaban ƙungiyar da ya shiga matsi shi yake jawowa: labarin shi Ferguson ɗin. Ya karɓi United a Nuwamban 1986, bai ɗaga kofi ko ɗaya ba sai a Mayun 1990. A Satumbar 1989 Manchester City ta lallasa shi da ci 5-1, kafin shekarar ta ƙare wani mai goyon baya ya ɗaga ƙyalle a Old Trafford yana cewa shekara uku ke nan ana ta kawo uzuri, ya kama gabansa. Kakar ya ƙare ta a na 13. Ƙwallon da Mark Robins ya jefa a ragar Nottingham Forest a gasar kofin FA a Janairun 1990 ita mutane ke cewa ta ceci aikinsa, kofin lig kuwa bai zo ba sai 1993. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai masu ba da labarin sukan tsallake rabinsa. Mutumin ya zo ne daga Aberdeen, inda ya ci lig ɗin Scotland sau 3, ya kuma doke Real Madrid a wasan ƙarshe na wata gasar Turai a 1983, don haka ba gwaji ake yi da shi ba. A 1988 ya ƙare na 2. A shekarun da teburi ke nuna kamar ba a yin komai, ya baza masu farautar yara masu baiwa lungu-lungu, ya gyara makarantar matasa, ya rabu da 'yan wasan da 'yan kallo ke mutuwar so, irin su Paul McGrath da Norman Whiteside, saboda yana son gyara tarbiyyar ɗakin sauya kaya. Shugabanninsa suna ganin wannan aiki da idonsu kullum, shi ya sa suka iya daurewa. Yaran da suka ci kofin matasa a 1992, su Ryan Giggs da David Beckham da Gary Neville da Nicky Butt, su ne suka fito suka nuna wa duniya abin da ake yi a ɓoye. A bayan kowane Ferguson ɗaya kuma akwai kociyoyi rututu da aka ba su shekara uku suka ƙare inda suka fara, yau ba mai tuna sunansu. Su ma an yi haƙuri da su.

Shugabannin United na wancan lokaci suna da abin dubawa. Mu kuma da muke zaune a kujerun 'yan kallo ba ma shiga filin atisaye, ba ma ganin takardun ofis. Abin da kuka nuna mana da abin da muka gani cikin minti 90 su ne kaɗai abin da muke da shi. Shi ya sa nake roƙon ku buɗe baki.

Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Jürgen Klopp ya zo Liverpool a Oktoban 2015, kuma a zamansa na farko da manema labarai ya ɗora wa kansa wa'adi, ya ce yana da yaƙinin cikin shekara 4 za su ci kofi. Kakarsa ta farko na 8 ya ƙare, ya kuma sha kashi a wasan ƙarshe har sau biyu. Amma ba a yi wata biyu da zuwansa ba ya je gidan Chelsea ya ci 3-1, ya je gidan Manchester City ya ci 4-1, kowa ya ga irin ƙwallon da ake son bugawa: a takura wa abokin hamayya tun daga bakin ragarsa, ƙwallo na suɓucewa a taru a ƙwato ta kafin ya ɗaga kai. 'Yan wasan da yake da su a lokacin ba za su iya yin haka kowane mako ba, shi ya sa sakamako ke hawa da sauka, amma ba mai tambayar ina aka dosa. Na 4 a 2017, wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2018 inda Real Madrid ta doke su, maki 97 a 2019 ba tare da kofin lig ba, sai kofin Zakarun Turai a Yunin wannan shekara, wa'adin shekara 4 bai ma cika ba. Kofin lig ɗin da suka yi shekara 30 suna nema ya zo a 2020.

Na Mikel Arteta a Arsenal ya fi kusa da halin da muke ciki, domin shi bai taɓa jan ragamar wata ƙungiya ba kafin Disambar 2019. Ya ƙare na 8, ya sake ƙarewa na 8. A Disambar 2020 yana na 15 da maki 14 a wasa 14. A farkon kakar 2021/22 an doke shi wasa uku a jere ba tare da ya ci ƙwallo ko ɗaya ba, har da 5-0 a hannun City, yana can ƙasan teburi. A lokacin, cikin magoya bayansa masu son a kore shi ba kaɗan ba ne. Amma ku dubi makin da suka riƙa tarawa kaka bayan kaka: 56, 61, 69, 84, 89. Ko wanda bai san ƙwallo ba in ya ga waɗannan lambobi ya san hawa ake yi. Ba na cewa wannan ya wadatar, akwai magoya bayan Arsenal da suka riƙa cewa zama na 2 ba kofi ba ne, kuma suna da gaskiyarsu. Abin da nake nufi, sun samu abin da za su auna tafiyarsu da shi.

To mu da me za mu auna? Ku fito ku faɗi matakin da kuke ganin ƙungiyar nan za ta iya ƙarewa bana, da inda kuke so ta kasance baɗi, da kakar da za mu dawo neman kofi da gaske. Na san abin da kuke tsoro: duk lambar da kuka furta, gobe da ita za a doke ku. Haka ne, za a yi. Amma shirun naku ya fi tsada, domin in ba ku faɗi manufa ba kowane mai goyon baya zai yanka wa kansa tasa. Wani har yanzu yana lissafin kofi, don ya girma yana ganin ƙungiyar tana ci. Wani yana cewa in an tsira daga faɗuwa ya isa. Duk ranar da aka yi canjaras sai waɗannan biyun su kwana suna zagin juna a intanet, ɗaya na kiran ɗaya mara kishi, ɗayan na kiransa mara hankali, alhali ba laifin ko ɗaya a cikinsu ba ne. Ba a faɗa musu abin da ake nema ba.

Kuma ba teburi kaɗai muke kallo ba, kada ku raina mu. Muna so mu ga a wata na uku mun iya faɗin 'yan wasa 11 da za su fara kafin a fitar da sunaye, ba kowane mako sababbin masu tsaron baya ba. Muna so mu ga ƙwallon da aka ci mu ta bugun kwana a farkon kaka, inda kowa ya tsaya kallon ƙwallo aka bar dogon mai tsaron bayansu shi kaɗai a ƙarfen baya, ba a sake cin mu irinta a ƙarshen kaka ba. Muna so mu ga yaran ba sa sheƙa numfashi tun minti na 65. Muna so makin zagaye na biyu ya fi na zagayen farko. In ƙungiya ta ƙare na 10 amma waɗannan sun samu, ni zan tafi hutu da kwanciyar hankali. In ta ƙare na 7 da sa'ar fenariti da bajintar mai tsaron raga, ba wanda ya san salon wasanta, ban ga abin da aka gina ba.

Sai batun koci. Ku ne kuka sayar da wanda ya fi kowa ci mana ƙwallaye, ku ne kuka ce za a sha wahala. To in wahalar ta zo a wata na huɗu, kada ku miƙa mana kan koci don mu yi shiru. Chelsea ta ba Graham Potter kwantiragin shekara 5 a Satumbar 2022, ta kore shi a Afrilun 2023, a kakar da ta kashe sama da fam miliyan 500 a kasuwar 'yan wasa ta kuma ƙare a na 12. Wanda ya ɗauki mutum aikin shekara 5 ya kore shi kafin wata 7, ko dai bai san wanda ya ɗauka ba, ko bai san abin da yake so ba, kuma duka biyun ba laifin koci ba ne. Ba kuma ina cewa ku manne wa mutum ko da ya tabbata aikin ya fi ƙarfinsa ba. Bayer Leverkusen tana na 17 a Oktoban 2022 ta sauya koci ta ɗauko Xabi Alonso, ta ƙare na 6, a 2024 ta ci lig ɗin Jamus ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Amma ku lura, su Florian Wirtz da Jeremie Frimpong da Jonathan Tah da Edmond Tapsoba duk ya tarar da su a can. Koci aka sauya, ba a rushe ƙungiya ba. Abin da nake so ku zauna ku yanke tun yanzu, kafin ihu ya tashi, shi ne wane abu ne in kun gani za ku ce kocin nan ya gaza. In kun bari sai ranar da aka ci mu 4-0 a gida sannan za ku yi tunani, ihunmu ne zai yanke muku hukunci, mu kuwa a irin wannan rana ba mu da hankalin yanke wa kowa hukunci.

Yanzu ga maganar da na san ba ku son ji, maganar kuɗi. An sayar da 'yan wasa, an rage nauyin albashi. Ina kuɗin ya nufa? In bashi ake biya, ku ce bashi ake biya. Shugaban Barcelona Joan Laporta ya fito a Agustan 2021 ya ce ana bin ƙungiyar bashin yuro biliyan 1.35, kwanaki kaɗan bayan Lionel Messi ya tafi yana hawaye. Magana ce mai ɗaci, amma daga ranar kowane mai goyon baya ya san dalilin da ya sa aka koma ga yara irin su Pedri da Gavi. In kuma dokokin kashe kuɗi ne suka ɗaure muku hannu, ku yi mana bayani, za mu gane. Mun ga an zaftare wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023/24 saboda asarar da ta wuce ƙa'ida. Mun san labarin Leeds United, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Zakarun Turai a 2001 da kuɗin aro, ta faɗi daga Firimiya a 2004, ta gangara rukuni na uku a 2007, ba ta dawo ba sai 2020. Ba mai hankalin da zai ce ku jefa mu wannan rami don a burge mu kaka ɗaya.

In kuwa kuɗin na nan za a kashe, to a kashe shi da lissafi. Tottenham ta sayar da Gareth Bale a 2013 kan kusan fam miliyan 85, ta sayo 'yan wasa 7 a lokaci ɗaya, kafin ƙarshen Disamba ta kori kocinta, cikin bakwai ɗin nan Christian Eriksen da Erik Lamela ne kawai suka daɗe. Liverpool ta sayar da Philippe Coutinho a Janairun 2018, ta ɗauko Virgil van Dijk kan fam miliyan 75, bayan wata shida ta ƙara da mai tsaron raga Alisson. Gurbi biyu da kowa ya san suna yoyo aka toshe da mutum biyu. Andy Robertson kuwa daga Hull City da ta faɗi daga gasar aka ɗauko shi kan kuɗi kaɗan. Mu magoya baya muna son jin an yi sayayya, ranar rufe kasuwa ba ma barci, wannan rauninmu ne kuma kun san shi. Kada ku yi amfani da shi ku kawo mana tsohon suna mai shekara 33 don a sayar da riga.

Wani abu kuma a gefe: kakar da kuka ce kada mu sa rai da yawa ba ita ce kakar ƙara kuɗin tikiti ba. A Fabrairun 2016 magoya bayan Liverpool kimanin 10,000 suka tashi suka fice daga Anfield a minti na 77, suna ƙin amincewa da tikitin fam 77 da aka shirya fitowa da shi. Suna cin Sunderland 2-0 a lokacin, aka tashi 2-2. Cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka ba da haƙuri suka janye. Waɗannan mutanen su ne dai suke haƙuri da Klopp yana na 8.

Yaran nan da kuka ɗora wa kaya su ne suka fi ba ni tausayi. Yaro ɗan shekara 19 zai yi wasa uku kamar ba a taɓa yin irinsa ba, na huɗu ya ɓace ɓat, wannan ba lalacewa ba ce, haka ƙuruciya take. Ku kiyaye jikinsu. Pedri ya buga wasa sama da 70 a kakar 2020/21 tsakanin Barcelona da Sifaniya yana ɗan shekara 18, kakar da ta biyo baya rabinta a jinya ya yi. Ansu Fati aka ba riga mai lamba 10 da Messi ya bari yana fama da rauni a gwiwa, nauyin bai yi masa daɗi ba. Kada kuma ku bar su su kaɗai. Atalanta ta ci AC Milan 5-0 a Disambar 2019. A Janairu Milan ta dawo da Zlatan Ibrahimović yana da shekara 38, ta kawo Simon Kjær a baya, yaran suka samu wanda za su kalla in abu ya rikice, a 2022 suka ci lig ɗin Italiya karon farko tun 2011. Wannan ba ya karo da abin da na faɗa kan sayen tsohon suna. Akwai dattijon da ake kawowa don ya ci albashi ya huta, akwai wanda ake kawowa don ya riga kowa zuwa atisaye. Aikinku ne ku bambance su. A ƙungiyarmu ta yanzu, in aka ci mu ƙwallo biyu cikin minti goma, ina duba fili ban ga wanda zai tara yaran ya yi musu tsawa su dawo hayyacinsu ba.

Ba zan yi adalci ba in na tsaya a kanku kaɗai, mu ma akwai abin da ke wuyanmu, kuma ina so 'yan'uwana magoya baya da za su karanta wannan su ji. Duk wanda ya saba shiga fili ya san wani sauti da ke tashi in yaro ya ba da ƙwallo ta tafi ƙafar abokin hamayya. Ba ihu ba ne, wani nishi ne da dubban mutane ke saki lokaci ɗaya. Ka zuba wa yaron ido bayan nan. Ƙwallo ta gaba da ta zo masa ba zai ɗaga kai ya duba gaba ba, zai mayar wa mai tsaron raga. Ta ukun ma ba zai nema ba, zai laɓe a bayan ɗan wasan da ke gadinsa don kada a ba shi. Minti 20 da suka rage mun koma mutum 10, kuma mu muka fitar da shi ba alƙalin wasa ba. A Disambar 2008 magoya bayan Arsenal suka yi wa Emmanuel Eboué ihu a wasansu da Wigan har sai da koci ya cire shi, alhali shi ma canji ya shigo. A Oktoban 2019 suka yi wa kyaftin ɗinsu Granit Xhaka, ya mayar musu da martani, aka karɓe kambun kyaftin daga hannunsa. Xhakan nan dai shi ne a tsakiyar Leverkusen ɗin da ta ci lig ba a doke ta ba a 2024.

Kuma mukan yi kuskuren hukunci, ba kaɗan ba. A 2022 Napoli ta rabu da Lorenzo Insigne da Dries Mertens da Kalidou Koulibaly da Fabián Ruiz a lokaci ɗaya, ta ɗauko Khvicha Kvaratskhelia da Kim Min-jae, waɗanda yawancin magoya baya ko sunansu ba su iya faɗa ba. Garin ya cika da zagin shugaban ƙungiya. Kafin nan ma an rataya wa koci Luciano Spalletti ƙyalle ana ce masa za a dawo masa da motarsa da aka sace in zai yarda ya tafi. A 2023 suka ɗaga kofin lig ɗin Italiya da rabonsu da shi tun 1990, Victor Osimhen ya ci ƙwallo 26. Don haka ni ba na neman ku riƙa bin ra'ayinmu wajen zaɓen 'yan wasa. In kun bi mu za ku sayi mutum 20 ku kori koci uku kafin kaka ta raba. Ku yi abin da kuka ga ya dace, amma ku faɗa mana dalili, ku kuma tsaya ku ɗauki alhakinsa.

Ga abin da za mu ɗauka bana. Za mu ɗauki shan kashi a hannun waɗanda suka fi mu. Za mu ɗauki kuskuren yaro, ko da ya jawo mana asarar maki uku. Za mu ɗauki kaka ba kofi, har ma biyu in muna ganin hawa. Abin da ba za mu ɗauka ba shi ne ɗan wasa yana tafiya a hankali ana kai mana hari, ko a je wasan hamayya a miƙa wuya tun kafin hutun rabin lokaci a ce ai gini ake yi. Rashin gogewa uzuri ne, rashin gudu ba uzuri ba ne. Akwai kuma iyakar da ba za a ƙetare ba. Sunderland ta faɗi daga Firimiya a 2017, ana cewa za a je ƙasa a gyara a dawo, a 2018 ta sake faɗuwa zuwa rukuni na uku, ta yi kaka huɗu a can. Faɗuwa daga gasa na tafiya da kuɗin talabijin, yaran da ake gini a kansu kuma su ne farkon waɗanda manyan ƙungiyoyi za su zo su kwashe. In tsakiyar kaka ta yi muna leƙen wannan rami, to a ajiye dogon buri a gefe, a sayo wanda zai cece mu, ba wanda zai zarge ku da saɓa tsari.

Buƙatata ta ƙarshe mai sauƙi ce. Ku sa rana tun yanzu, bayan kammala zagayen farko kuma kafin a rufe kasuwar 'yan wasa ta tsakiyar kaka, daraktan wasanni ya zauna da wakilan magoya baya ido da ido. Ba koci ba, shi yana amsa tambayoyi kafin kowane wasa da bayansa, ya sha isasshe. Wanda ya tsara tafiyar shi muke son gani. Ya zo da abin da aka yi niyya a farkon kaka, da inda aka kai, da abin da ya ƙi tafiya, da guraben da za a cike da waɗanda za a bari sai ƙarshen kaka. A bar mutane su yi tambaya ba tare da an tace ta ba, a kuma wallafa abin da aka tattauna don waɗanda ba su samu halarta ba. A sake irin wannan zama in kaka ta ƙare. Ku sanar da ranar farkon kafin wasanmu na gida mai zuwa.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ƙungiyarmu nasara.

Naku,
Ɗaya daga cikin magoya baya.